Cutar Lupus

Lupus cuta ce da garkuwar jiki ke far wa mai ita, ta taɓa fata, gaɓoɓi da ƙoda. Kusan tara cikin goma na masu fama da ita mata ne. A 1968, Brian Greenwood, likitan da daga baya ya yi aiki a Zariya, ya ruwaito daga Ibadan cewa ire-irenta ba su da yawa a Najeriya. Binciken Farfesa Olufemi Adelowo a Legas ya nuna akwai ta, gano ta ne ke da wuya. A gari irin Mubi, zazzaɓinta kan sa a zaci na cizon sauro ne. Har yanzu babu maganin da ke raba mutum da ita, amma hydroxychloroquine, dangin kulorakwin, yana kwantar da ita. Amurka ta amince da wani maganinta, belimumab, a 2011.