"Zuciya Biyu" a Wasiƙar Yaƙub: Kokwanto ko Raba Ƙafa?

Tsakure

Maƙalar ta nazarci kalmar Helenanci "dipsukos" a Wasiƙar Yaƙub, ta gwada ta da tushenta na Ibrananci da rubuce-rubucen Kiristocin farko. Ta nuna cewa abin da Yaƙub ya tsawata a kai shi ne rabuwar biyayya tsakanin Allah da wani abin dogaro.

Asalin kalmar

A Sabon Alkawari sau biyu kacal kalmar ta fito, a Yaƙub 1:8 da 4:8. Ma'anarta ta zahiri ita ce mai rai biyu. Ba a same ta a adabin Helenanci da ya gabaci wasiƙar ba, shi ya sa wasu masana ke ganin Yaƙub ne ya ƙirƙiro ta. Tunanin dai ya girme shi. Ibrananci yana maimaita kalmar "leb", wato zuciya, don ya siffanta mayaudari a Zabura 12:2, kuma da wannan salon aka yabi mayaƙan Zabaluna 50,000 a 1 Tarihi 12:33, domin sun bi Dawuda ba tare da rabuwar zuciya ba.

Tattaunawa

Sau da yawa akan ji ana wa'azin Yaƙub 1:8 kamar gargaɗi ne ga mai tambaya. A ganina wannan fahimta ta yi ƙunci. Wani uba a Markus 9 ya furta ƙarancin bangaskiyarsa a fili, aka kuwa warkar da ɗansa. Idan aka bi wasiƙar zuwa sura ta 4, sai a ga wa ake nufi: mutumin da ke son abota da Allah, yana kuma riƙe da abotar duniya. Tun a sura ta 2 an nuna shi a wurin sujada. Mai zoben zinariya ya shigo, sai mutumin ya tashi ya ba shi wurin zama mai kyau. Matalauci ya shigo, ya ce masa ya tsaya can. Bakinsa na addu'a, idonsa na kan zobe.

Marubutan da suka biyo baya sun riƙe kalmar gam. Wasiƙar Kilemen ta Fari, wadda aka rubuta daga Roma wajen shekara ta 96, ta kawo matar Lutu a matsayin misali: ƙafarta ta bar Saduma, zuciyarta ba ta bari ba. Littafin Makiyayin Hermas na ƙarni na 2 ya yi amfani da kalmar da danginta fiye da sau 50.

A nan Hausa ta yi sa'a. Idan Bahaushe ya ce ya ba ka abu da zuciya ɗaya, yana nufin ba ƙulli, ba wata manufa a ɓoye. Wanda kuma ya raba ƙafa ya san abin da yake yi sarai, tanadi ne ya yi ko da ɗaya ta ƙi. Mai zuwa majami'a ranar Lahadi da layar boka ɗinke a cikin hularsa ba ya musun ikon Allah, tsoro yake kada ikon ya makara.

Saboda haka masu fassara da masu wa'azi da Hausa su bambanta "kokwanto" da "zuciya biyu". Ta biyun ce ta dace da Yaƙub 1:8 da 4:8.