Asalin Kalma: Tsigewa

Kafin kalmar tsige ta shiga bakin 'yan majalisa, aikin yatsu biyu ne. Jika kan zauna bayan kakarsa yana tsige mata furfura sili-sili, manomi kuma ya tsige ciyawar da ta tsiro a gindin gero. Abin da ake tsigewa ƙarami ne, amma yana da saiwa, shi ya sa kaka take runtse ido idan an fizga.

Hausa ba ta rasa kalmomin raba mutum da mulki ba. Sarki tuɓe shi ake yi, soja kuwa hamɓarar da gwamnati suke yi. Tsigewa aka bar wa majalisa, kuma misalinta na farko da Arewa ba ta mantawa shi ne na 1981, lokacin da majalisar tsohuwar jihar Kaduna ta tsige Gwamna Balarabe Musa.

A Maiduguri, duk lokacin da tsaro ya taɓarɓare sai kalmar ta dawo teburin mai shayi, kamar a 2022 da sanatocin adawa suka ba Shugaba Buhari wa'adin mako shida ya gyara ko su tsige shi. Wani ya ce a tsige shi, wani ya ce mataimakinsa ne zai hau, me ya canza? Ni ina tare da na farko: shugaban da ya san ana iya taɓa shi ya fi jin kukan talaka. Sai dai sashe na 143 na tsarin mulkin 1999 yana buƙatar kashi biyu bisa uku na kowace majalisa, kuma har yau ba a taɓa tsige shugaban ƙasa a Najeriya ba.