Cunkoson da ba shi da mai laifi

Tun 1955 Lighthill da Whitham, a Ingila, suka lissafa tafiyar motoci kamar ambaliyar kogi. Amma ni, ƴan uwa, aikin 1992 ya fi ɗaukar mini hankali. Nagel da Schreckenberg, a Jamus, suka yanka hanya gida-gida cikin kwamfuta, kowane gida mita 7,5, mota ɗaya kacal. Suka ƙara doka guda: jefi-jefi direba ya rage gudu haka kawai. To, sai ga cunkoso, ba haɗari, ba shingen ƴan sanda, yana ja da baya alhali motocin gaba suke yi! Masanan Japan suka gwada da motoci 22 kan da'ira mai mita 230, sakamakon ya fito a 2008. Wasu motocin sai da suka tsaya cik.