Asalin Kalma: Boda

Daga Turanci muka aro "boda". Kalmar Turawan Ingila ita ce "border", su ma daga tsohon Faransanci suka samo ta, inda take nufin gefen abu, kamar bakin riga. Da Ingila da Faransa suka shata layi tsakanin Najeriya da Nijar, sai kalmar ta shigo bakinmu da ma'ana ɗaya tak: wurin da ƙasa ta ƙare, inda ake tsare matafiyi.

Muna da "iyaka" tun fil azal, kuma ta fi faɗi. Gona tana da iyaka, haƙuri ma haka, mutum yakan yi iyakar ƙoƙarinsa. Ba mai cewa haƙurinsa ya kai boda. "Haddi" kuwa, wanda shi ma iyaka yake nufi, Larabci ne, ya fi zama a bakin malamai da alƙalai.

Boda wuri ne da ido ke gani: shingen Jibiya ko Illela, 'yan kwastan, manyan motoci jere cikin rana. Shi ya sa da aka garƙame ta a Agustan 2019, jaridu suka rubuta "rufe iyakoki", amma a kasuwa "an rufe boda" kake ji, ana kukan tsadar shinkafa.