Fam 500 da Faifai Dubu: Yadda Manchester Ta Ƙwace Kiɗanta Daga Hannun Landan

A tsakiyar shekarun 1970, duk matashin da ya iya kaɗa jita a arewacin Ingila hanya ɗaya gare shi: ya naɗi waƙarsa a kaset, ya aika Landan, ya zauna jiran tsammani. Manyan kamfanoni irin su EMI da Decca ke riƙe da kuɗi, da injinan buga faifai, da dillalan da ke kai kaya shaguna. Manchester kuwa arziki ya juya mata baya. Masaƙun audugar da suka yi mata suna sun rufe ɗaya bayan ɗaya, manyan ɗakunan ajiyar kaya sun zama kufai, aikin yi ya yi wuya.

Waɗanda suka fara fasa wannan tsari ɗalibai ne kamarmu. Howard Devoto da Pete Shelley suna karatu a kwalejin fasaha ta Bolton lokacin da suka gayyato ƙungiyar Sex Pistols daga Landan, ta yi wasa a ƙaramin zauren Free Trade Hall ran 4 ga Yunin 1976. Mutanen da suka halarta ba su wuce 'yan gommai ba. Sai dai a cikinsu akwai Bernard Sumner da Peter Hook, waɗanda suka kafa Joy Division daga baya, akwai kuma Morrissey na The Smiths. Abin da suka gani a daren shi ne samari huɗu da ba wani gwanintar kiɗa gare su ba, amma sun hau dandamali ba su nemi izinin kowa ba. Washegari Hook ya je ya sayi jita.

Ni dai a ganina abin da ya biyo baya ya fi wannan dare muhimmanci, duk da cewa daren ne ake ta ba da labarinsa. A ƙarshen Disambar 1976, ƙungiyar su Devoto da Shelley, wato Buzzcocks, ta ranto kimanin fam 500 daga 'yan uwa da abokai, ta shiga situdiyo ta naɗi waƙoƙi huɗu. Suka kafa nasu ɗan kamfani mai suna New Hormones, suka buga kwafi 1,000 na faifan Spiral Scratch a Janairun 1977. Sai da ya sayar da wajen 16,000. A bayan bangon faifan har sun rubuta sau nawa aka maimaita ɗaukar kowace waƙa, kamar dai masu cewa ga yadda ake yi, kai ma jeka ka gwada. Aka kuwa gwada. Ƙananan kamfanoni suka yi ta ɓullowa a garuruwan Birtaniya, shagon Rough Trade na Landan ya zama mai rarraba kayansu, har a 1980 aka fara fitar da jadawalin ciniki na faifan masu zaman kansu daban. Su Buzzcocks ɗin kansu fa, kafin shekarar 1977 ta ƙare sun sa hannu da United Artists, ɗaya daga cikin manyan.

Wanda ya ɗauki abin da zafi shi ne Tony Wilson, mai gabatar da shiri a gidan talabijin na Granada. A 1978 shi da Alan Erasmus suka fara shirya wasanni a wani kulob da ke Hulme, nan kusa da jami'a, daga nan aka haifi Factory Records. Ofishinsu gidan Erasmus ne a titin Palatine. Ƙa'idarsu kuwa abin mamaki ce: a raba riba biyu tsakanin kamfani da makaɗa, waƙa kuma ta mai ita ce, ranar da ya ga dama ya kwashi kayansa ya tafi.

A nan dole injiniya ya ɗan tsaya. Sautin da ake kira na Manchester, rabinsa aikin na'ura ne. Martin Hannett, wanda ya haɗa sautin Spiral Scratch da na faifan Joy Division na farko, Unknown Pleasures, a 1979, ilimin sinadarai ya karanta a UMIST. A situdiyon Strawberry da ke Stockport ya riƙa raba sautin ganguna, kowace ita kaɗai, sannan ya bi da su ta wata na'urar jinkirta sauti ta kamfanin AMS, wanda wasu injiniyoyi suka kafa a Burnley. Na'urar tana mayar da sauti lambobi, ta riƙe shi na ɗan ƙiftawar ido, ta sake shi. Shi ya sa in ka saurari faifan za ka ji kamar a cikin wata masaƙa da aka kwashe injinanta ake kiɗan. Makaɗan da farko ba su so ba, sun ce ya rage musu zafi. Hatta zanen bangon faifan daga littafin kimiyya aka ɗauko shi: siginar rediyo ce ta tauraron CP 1919, wanda Jocelyn Bell ta gano a 1967 tana ɗalibar digiri na uku a Cambridge.

Bayan mutuwar mawaƙinsu Ian Curtis a Mayun 1980, sauran suka koma New Order. A 1983 suka fitar da Blue Monday, wanda ya zama faifai mai inci 12 da ya fi kowanne ciniki a tarihin Birtaniya. Kuɗi ya shigo. To ina ya tafi? Gidan rawa na Haçienda, wanda Factory da New Order suka buɗe a Mayun 1982 a titin Whitworth. Shekarun farko kusan ba kowa a ciki. Da ya cika a ƙarshen shekarun 1980, masu zuwa ƙwaya suke sha su kora da ruwa, ba sa sayen abin shan da gidan ke cin riba da shi. Sai kuma 'yan daba masu bindiga suka kama ƙofa. Hannett tun farko ya so a zuba kuɗin a kayan situdiyo, aka ƙi, har ta kai su kotu. Ina ganin shi ke da gaskiya.

Akwai kuma waɗanda suka suɓuce wa Factory. The Smiths, 'yan gari, Rough Trade suka tafi. Oasis ma kamfanin Creation ne ya ɗauke su.

A 1992 bashi ya kai wa Factory wuya. Happy Mondays sun ƙona kuɗi mai yawa a Barbados wajen naɗar faifansu, na New Order kuma ya ƙi fitowa da wuri. Kamfanin London Records ya zo zai saya, aka zauna ciniki, sai aka tarar babu abin sayarwa: waƙoƙin da suka fi daraja na makaɗan ne, kamar yadda Wilson ya yi alkawari tun farko. Ciniki ya watse, Factory ya durƙushe a Nuwamban shekarar. New Order suka kwashi waƙoƙinsu cif suka koma London Records ɗin da ƙafarsu. Ma'aikata da waɗanda ke bin kamfanin bashi su suka kwana ciki.

An rufe Haçienda a 1997, aka rushe ginin a 2002, yanzu gidajen kwana ne a wurin masu ɗauke da sunan. Free Trade Hall ya zama otal. Factory yana da al'adar ba kowane abu nasa lamba, faifai ne ko fosta ko gini. Haçienda ita ce FAC 51. Da Wilson ya mutu a 2007, akwatin gawarsa aka ba lamba FAC 501.