Aix-les-Bains, Garin Wankan da Aka Yi Cinikin 'Yancin Maroko

Daga Lyon ta Faransa, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan kai ce a mota zuwa Aix-les-Bains, a gaɓar tafkin Bourget. Ruwan zafi mai warin farar wuta da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa shi ya kafa garin. Tun zamanin Rumawa ake wanka a nan. Daga baya masu sarauta suka mayar da shi wurin shan iska. Sarauniya Biktoriya ta Ingila sau uku ta zo, zuwan farko a 1885.

Ni dai Agustan 1955 ya fi tsaya mini a rai. Tun 1953 Faransa ta tuɓe Sarkin Maroko, Muhammadu na Biyar, ta kore shi har Madagaska, ƙasar kuwa ta ƙi lafawa. Da tura ta kai bango, gwamnatin Edgar Faure ta kira manyan Maroko wannan gari, aka kwashe kwanaki ana ja-in-ja kan makomar sarkin da ko gayyatarsa ba a yi ba. A Nuwamba ya koma Rabat, a Maris 1956 Maroko ta samu 'yanci.

A ƙetaren tafkin akwai majami'ar Hautecombe, inda aka binne Umberto na Biyu a 1983, sarkin Italiya na ƙarshe, wanda ya bar ƙasarsa tun 1946. Shi kam bai koma gida ba.