Tarihin Mayar da Kwamfuta kan Tsohuwar Manhaja a Iyakar Jibiya

Garin Jibiya yana kan hanyar da ta haɗa Katsina da Maraɗi, birnin da sarakunan Haɓen Katsina suka kafa bayan jihadin ƙarni na 19, kuma iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ba ta raba fataucin da ke tsakanin biranen biyu ba. Daga baya Alhazan Maraɗi suka shahara wajen ɗauko atamfa, taba sigari, gwanjo da tsofaffin motoci daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ana tsallako da su Najeriya ta Ɗan Isa da Magama, har Hausawa suka riƙa kiran duk abin da aka yi amfani da shi a Turai "ɗan Kwatano". A cikin irin wannan kasuwa ta kayan hannu kwamfutar cinya ta yaɗu, tare da sana'ar masu gyaranta, waɗanda da yawansu ke sayo kayan aiki a titin Beirut da kasuwar Farm Centre a Kano.

Babbar manhaja ita ce shirin da ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, wanda sauran manhajoji ke dogara a kansa, kuma kamfanin Microsoft ya riƙa sabunta tasa lokaci zuwa lokaci: Windows XP a 2001, Windows 7 a 2009, Windows 8 a 2012, sannan Windows 10 a 2015. Da yake kowace sabuwa ta fi magabatanta na nesa neman ƙarfin na'ura, tsohuwar kwamfuta takan yi nauyi idan aka ɗora mata ita, ga kuma sabuntawar da Windows 10 ke saukewa da kanta tana cinye data, sai masu kwamfuta suka koma roƙon a mayar musu da wadda suka saba da ita. Kwamfutar da ta fito daga ɓangaren Nijar kuma takan zo da Faransanci da jerin maɓallan Faransa mai farawa da AZERTY, wanda hakan ma dalili ne na sauya manhajar.

Matsalar ita ce galibi Windows ba ta yarda a sauka daga sabuwa zuwa tsohuwa kai tsaye, sai dai a goge a ɗora daga farko, aikin da masu gyara ke kira fomatin, wanda ke share duk abin da ke ɓangaren da aka taɓa. Maganin da sana'ar ta tsaya a kai shi ne raba rumbun ajiya gida biyu, a bar manhaja a ɓangaren C, a tara takardu, hotuna da lissafin ciniki a ɓangaren D, ta yadda gogewar ɗaya ba za ta shafi ɗayan ba. Sai dai sabbin kwamfutoci suna jera rumbunsu da tsarin GPT, alhali XP ta saba da tsohon tsarin MBR, kuma sauya tsari da umarnin gogewa yakan kwashe ɓangarorin duka, shi ya sa ƙwararre ba ya fara aiki sai ya kwafe komai zuwa wani rumbu na waje.

Abubuwan da suka faru a iyakar sun ƙara wa al'adar komawa tsohuwar manhaja ƙarfi. An rufe ta a Agusta 2019, ba a buɗe mashigar Jibiya ba sai Afrilu 2022, aka sake rufewa a Agusta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, a Satumba 2021 kuma aka katse layukan sadarwa a Jibiya da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda 'yan bindiga, yanayin da ba a iya sauke komai daga intanet sai dogaro da manhajar da aka adana a filash. Microsoft ta daina kare XP daga ƙwayoyin cutar kwamfuta a 2014, Windows 7 a Janairu 2020, Windows 10 kuma a Oktoba 2025, saboda haka wanda ya koma baya yana samun sauri ne a bakin tsaron bayanan da ya sha wahalar cetowa.